Darasi: Me Ya Sa Kyamarar Waya Ke Ɓata Hoton Sararin Sama Ranar Gobarar Daji, Kuma Yaya Ake Gyarawa?

Ranar Laraba 9 ga watan Satumba na shekarar 2020, mazauna birnin San Faransisko da ke jihar Kalifoniya ta Amurka sun tashi daga barci sun tarar gari bai waye ba. Ƙarfe tara ta yi, goma ta yi, har aka kai tsakar rana motoci na tafiya da fitila, gidaje da shaguna duk a kunne kamar dare. Sararin sama kuwa ya rikiɗe ya koma ruwan goro mai duhu, daga gabas har yamma. Hayaƙin gobarar daji ne ya rufe birnin.

Abu na farko da mutane suka yi shi ne ciro waya domin su ɗauki hoto su tura wa 'yan'uwa. A nan ne da yawa daga cikinsu suka sha mamaki. Ido yana ganin sama ja-ja-wur, amma hoton da ke fitowa a fuskar waya ruwan toka ne, ko ɗan rawaya-rawaya, kamar wata safiya ce da hadari ya taso. Wasu sun ɗauka wayarsu ce ta lalace. Wayar lafiyarta ƙalau, aikin da aka tsara mata ta yi.

Wannan darasi zai bayyana abin da ya canza launin sama, yadda kyamarar waya ke yanke hukunci a kan launi, inda lissafinta ya kuskure, da matakan da mai waya zai bi ya samu hoton da ya yi daidai da abin da idonsa ya gani. Zai kuma taɓo abin da ya fi hoton muhimmanci, wato lafiyar mai ɗauka.

Abin da ya faru a Kalifoniya

A tsakiyar watan Agustan 2020, an yi dubban tsawa da walƙiya a arewacin Kalifoniya cikin 'yan kwanaki, ba tare da wani ruwan kirki ya sauka ba. Dajin ya riga ya bushe ƙamas saboda zafi, don haka ɗaruruwan gobara suka tashi kusan lokaci guda. Wasu daga cikin manyansu sun kewaye yankin San Faransisko ta arewa da gabas da kudu. An kwashe dubban mutane daga gidajensu, waɗanda suka rage kuma sun shafe makonni suna shaƙar warin hayaƙi, suna share toka daga kan motoci. Kafin shekarar ta ƙare, gobara ta cinye fiye da eka miliyan 4 a jihar, kuma gobara guda ɗaya da ake kira August Complex ta ci fiye da eka miliyan 1 ita kaɗai.

Ranar 8 ga Satumba, iska mai ƙarfi ta rura wata gobarar da ake kira North Complex, mai nisan fiye da kilomita 200 daga San Faransisko. Ta ƙone ƙauyen Berry Creek, aka yi asarar rayuka, ta kuma tura hayaƙi mai kauri can sama. Wannan hayaƙi ya haɗu da na sauran gobarar Kalifoniya da jihar Oregon, iska ta kwaso shi ta shimfiɗa a saman birnin. Washegari aka tashi da jan sama.

Makamancin haka ya sake faruwa a birnin Niyok ranar 7 ga Yunin 2023, lokacin da hayaƙin gobarar dajin lardin Kwibek na ƙasar Kanada ya gangaro kudu. Can ma an sake jin ƙorafin cewa waya ta ƙi nuna launin da ake gani.

Me ya sa hayaƙi ke mayar da sama ja?

Hasken rana da ake gani fari haɗin launuka ne, irin waɗanda ke bayyana a bakan gizo. Kowane launi yana tafiya kamar igiyar ruwa, kuma kowanne da tsawon zangonsa. Zangon shuɗi gajere ne, wajen nanomita 450, na ja kuma dogo ne, yana kaiwa wajen nanomita 700.

A ranar da sama ke garau, ƙwayoyin iska suna warwatsa shuɗi fiye da ja, shi ya sa duk inda aka duba sama sai a ga shuɗi. Da magariba kuwa, hasken yana ratsa iska mai tsawo kafin ya iso ido, shuɗin ya zube a hanya, sai ja da ruwan goro su rage.

Hayaƙin daji yana yin irin wannan aiki, amma da ƙarfi sosai. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ainun, akasarinsu ba su kai maikiromita ɗaya ba. Suna warwatsa shuɗi, wasu sinadaran da ke cikinsu kuma suna shanye shi gaba ɗaya. Idan hayaƙin ya yi kauri, hasken da ke iya tsallakowa ƙasa kaɗan ne, kuma kusan dukkansa ja ne da ruwan goro. Wato a ranar, hasken da ke sauka a kan gini da mota da fuskar mutum shi kansa mai launi ne. A riƙe wannan, domin a nan matsalar kyamara take.

Yadda kyamarar waya ke ganin launi

A bayan gilashin kyamara akwai wani ƙaramin allo mai suna sensa, mai ɗauke da miliyoyin ɗigo da ake kira fiksel. Kowane ɗigo yawan haske kawai yake aunawa, bai san launi ba. Domin a samu launi, sai aka ɗora wa kowane ɗigo 'yar matata: wani ja, wani kore, wani shuɗi. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙiro a shekarun 1970, inda cikin kowane ɗigo huɗu, biyu kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi.

Abin da sensa ke bayarwa tarin lambobi ne. Manhajar da ke cikin wayar ce ke ɗaukar lambobin ta sarrafa su su zama hoto, kuma tana yin haka cikin ƙiftawar ido. A cikin wannan aiki tana yanke hukunci da yawa ba tare da ta tambayi mai waya ba. Mafi muhimmanci ga wannan darasi shi ne daidaita fari, wanda a fuskar kyamara ake rubutawa da haruffa biyu, WB.

Dalilin daidaita fari mai sauƙi ne. Farar takarda a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai rawaya tana mayar da hasken rawaya, a inuwa kuma tana mayar da haske mai ɗan shuɗi. Ƙwaƙwalwar ɗan'adam tana gyara wannan da kanta, shi ya sa mutum ke ganin takardar fara a ko'ina. Kyamara ba ta da wannan baiwa, sai ta yi hasashen launin hasken wurin, sannan ta cire shi daga hoton.

Inda lissafin ya kuskure

Ɗaya daga cikin tsofaffin dabarun hasashen nan ita ce ɗauka cewa idan aka cakuɗa dukkan launukan da ke cikin hoto, abin da za a samu ruwan toka ne. Idan matsakaicin ya karkata zuwa wani launi, sai a ce laifin hasken ne, a gyara.

Ga misali da lambobi. A hoto na yau da kullum, kowane launi yana da maki daga 0 zuwa 255. A ce matsakaicin hoton jan sama ya fito haka: ja 200, kore 120, shuɗi 40. Manhaja za ta ga ja ya yi yawa, shuɗi ya yi kaɗan. Sai ta ninka ja da 0.6 ya sauko 120, ta bar kore a 120, ta ninka shuɗi da 3 ya hau 120. Sakamako: 120, 120, 120, wato ruwan toka. Launin da mai waya ya fito domin ya ɗauka, shi ne manhajar ta ɗauka kuskure ne ta goge.

Wayoyin zamani sun fi wannan misali wayo. Suna gane fuska da ciyawa da sararin sama, kuma an horar da manhajojinsu da ɗimbin hotuna. Amma tushen tunanin bai canza ba: idan komai a hoto ya koma launi ɗaya, to hasken ne ke da matsala. A kusan kowace rana wannan tunani daidai ne. A ranar gobara ne ya zama kuskure. Kuma wayoyi ba su kuskure daidai da juna ba, wasu sun goge launin sosai, wasu kaɗan.

Akwai hukunci na biyu, wato yawan haske. Kyamara tana ƙoƙarin mayar da kowane hoto zuwa matsakaicin haske. Idan ta ga duhu sai ta ƙara. Ranar 9 ga Satumba duhun yana cikin labarin, amma wayoyi sun haskaka shi. Tsarin HDR, wanda ke haɗa hotuna da dama domin buɗe wuraren da suka yi duhu, da kuma tsarin ɗaukar hoton dare da ke kunna kansa a wasu wayoyi, sun ƙara wanke hoton.

Matakan ɗaukar hoto a wayar Android

Wayoyi da yawa na Samsung, Xiaomi, Tecno, Infinix da sauransu suna da sashen da aka rubuta Pro a cikin manhajar kyamara, wani lokaci a ƙarƙashin maɓallin More. Ga matakan:

1. A buɗe kyamara a shiga Pro. A kashe HDR, a kashe duk wata alamar AI ko mai gyara yanayi, a kashe filta, a kashe filasha.

2. A taɓa WB. Idan wayar na nuna alamomi, a zaɓi alamar rana. Idan lambobi take nunawa masu harafin K, a ajiye tsakanin 5200K da 5500K.

3. A taɓa EV a rage zuwa -0.7 ko -1. Idan duhun wurin ya yi yawa, a ƙara ragewa har hoton ya yi kama da abin da ake gani.

4. A ajiye ISO ƙasa, tsakanin 100 da 400, domin rage ɗige-ɗigen da ke ɓata hoto. Idan saurin ɗauka ya yi ƙasa da 1/60, a jingina wayar da bango ko taga don kada hannu ya girgiza ta.

5. Hayaƙi yana ɓoye gefunan abubuwa, sai kyamara ta yi ta neman inda za ta tsayar da ido. A taɓa gefen gini ko falwaya a fuskar waya, ko a shiga MF a ja zuwa alamar dutse, wato nesa.

Lambar K tana rikita masu koyo, don haka ga bayaninta. K na nufin Kelbin, ma'aunin launin haske. Kyandir yana wajen 1900K, tsohon ƙwan lantarki mai rawaya wajen 2700K zuwa 3000K, hasken rana wajen 5500K, ranar girgije wajen 6500K. Lambar da aka zaɓa, gaya wa kyamara ake yi irin hasken da ke wurin. Idan aka ce mata 3000K, sai ta zuba shuɗi domin ta kashe rawayar da take zato. Idan aka ce mata 5500K, sai ta ɗauka hasken rana ne na yau da kullum, ta bar launukan yadda suka shigo. Shi ya sa saitin rana ke fito da jan sama.

Rage EV yana da wani amfani bayan kiyaye duhu. A irin wannan haske, makin ja ne ke fara kaiwa 255. Da zarar ya kai, duk bambancin da ke cikin wurin ya ɓace, sama ta zama shafe ɗaya, kuma babu manhajar da za ta dawo da shi. Hoton da ya ɗan yi duhu ana iya haskaka shi daga baya, wanda ya ƙone da haske kuwa ya tafi ke nan.

Wayar da ba ta da sashen Pro za a iya saka mata Open Camera, manhaja ce ta kyauta a Play Store. Tana da saitin rana a cikin daidaita fari, sauran saituna kuma sun danganta da abin da kamfanin wayar ya buɗe.

Matakan ɗaukar hoto a iPhone

Manhajar kyamarar da ke zuwa da iPhone ba ta ba mutum damar zaɓar lambar K wajen ɗaukar hoto. Wannan ne ya sa a 2020 mutane da dama suka koma ga manhajoji irin su Halide, wadda ke bari a zaɓi daidaita fari da hannu. Kyamarar da ke cikin manhajar Lightroom ita ma tana yin haka, a iPhone da Android.

Wanda zai tsaya a kan manhajar asali, sai ya danne yatsa a fuskar waya har rubutun AE/AF LOCK ya bayyana, sannan ya ja alamar rana ƙasa domin rage haske. Idan tsarin dare ya kunna kansa, a taɓa alamar wata a kashe. Daga iPhone 12 Pro zuwa sama, samfuran Pro suna da tsarin ProRAW, wanda ya fito a Disambar 2020, wata uku bayan ranar jan sama. Ga masu bidiyo, tun daga iOS 17 akwai saitin kulle daidaita fari a cikin saitunan kyamara, wanda ke hana launi canzawa a tsakiyar ɗauka.

Wata dabara da ke aiki a kowace waya ita ce saka wani abu mai farin haske a cikin hoton, kamar fitilar shago ko ɓangaren ɗakin da aka kunna farin ƙwai ana ɗauka ta taga. Idan manhaja ta samu farin gaske a hoton, ba ta cika goge launin sauran wurin ba.

Amfanin RAW

Hoton JPEG dafaffen abinci ne, an riga an zuba gishiri. RAW kuwa kayan miya ne ɗanye: lambobin sensa ne kusan yadda suka fito, ba a gasa daidaita fari a cikinsu ba. Wanda ya ɗauka da RAW zai iya buɗe fayil ɗin daga baya a Lightroom ko Snapseed ya zaɓi lambar K ba tare da hoton ya lalace ba. A wayoyi fayil ɗin yakan zo da sunan DNG. Illarsa girma: hoton ProRAW mai megafiksel 12 yana kaiwa wajen megabait 25. Don haka a kunna shi lokacin da ake buƙata, a kashe bayan an gama.

Gyara ba tare da ƙarya ba

Hoton gobara shaida ce. Mutane suna amfani da shi su yanke shawarar fita ko zama, 'yan jarida suna ɗauka, 'yan'uwa na nesa suna auna halin da nasu ke ciki da shi. Akwai bambanci tsakanin dawo da launin da waya ta goge da kuma ƙara launin da babu shi domin hoto ya samu masu yabo.

Hanya mafi sauƙi ita ce a gyara hoton a wurin da aka ɗauka, ana kallon sama ana kallon waya. Kafin a fara, a kashe saitunan da ke canza launin fuskar wayar, irin su True Tone da Night Shift a iPhone, ko saitin kare ido a Android, domin suna yaudarar mai gyara. A tuna kuma cewa ido yana sabawa: wanda ya daɗe a waje cikin jan haske zai fara ganinsa bai kai yadda yake ba. Idan an taɓa launi, a faɗa a rubutun da ke ƙarƙashin hoton, tare da wuri da rana da lokaci. A ajiye na asalin kada a goge.

Wajen turawa, WhatsApp yana matse hoto ya kuma cire bayanan da ke cikinsa na lokaci da saituna. Wanda ke son bayanan su isa, sai ya tura hoton a matsayin fayil. Amma a kula, waɗannan bayanai suna iya ƙunsar ainihin wurin da aka ɗauka, wanda zai iya zama gidan mutum. Hoton gobara da aka turo daga wani wuri kuwa, a duba shi da Google Lens kafin a yaɗa, domin tsofaffin hotuna kan dawo duk lokacin da sabuwar gobara ta tashi.

Launin sama ba shi ne ma'aunin haɗari ba

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba game da ranar jan sama. A ranar, iskar da ake shaƙa a titunan San Faransisko ba ta kai munin da launin ke nunawa ba. Iska mai sanyi da ke shigowa daga teku ta kwanta a ƙasa, ta riƙe akasarin hayaƙin a can sama. A kwanakin da suka biyo baya ne hayaƙin ya sauko. Sama ta koma ruwan toka, babu abin ɗauka a hoto, amma a lokacin ne iskar ta fi zama haɗari.

Abin da ke cutarwa a hayaƙi shi ne ƙananan ƙwayoyin da ake kira PM2.5, waɗanda faɗinsu bai wuce maikiromita 2.5 ba, wato sun fi silin gashin kai sirantaka kusan sau 30. Suna shiga can cikin huhu, suna tayar da asma, suna kuma wahalar da masu ciwon zuciya, yara, tsofaffi da masu juna biyu. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021, matsakaicinsu na awa 24 bai kamata ya wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska ba.

Ido ba ya auna wannan, sai a duba ma'aunin ingancin iska mai suna AQI a manhajoji irin su AirVisual ta kamfanin IQAir ko taswirar PurpleAir. A tsarin Amurka, 0 zuwa 50 kore ne, iska lafiya. 51 zuwa 100 rawaya. 101 zuwa 150 ruwan goro, masu rauni su yi hattara. 151 zuwa 200 ja, yana cutar da kowa. 201 zuwa 300 shunayya. Daga 301 zuwa sama haɗari ne sosai. Idan lambar ta wuce 150, ɗaukar hoto ta taga ya fi fita.

Tsare kai da tsare waya

Wanda ya zama dole ya fita, ya sa takunkumin N95 wanda ya manne da fuska ba tare da kafa ba. A 2020 akasarin mutane suna sanye da takunkumin ƙyalle saboda cutar korona, amma ƙyalle ba ya tare ƙwayoyin hayaƙi yadda ya kamata. Shi ma N95 ƙwayoyi yake tarewa, ba ya tare iskar gas mai guba da ke kusa da wuta. A cikin gida a rufe tagogi, a guji ƙara hayaƙi da suya ko turaren wuta. A mota a rufe gilasai a danna maɓallin da ke juya iskar ciki.

Rana takan yi ja kamar garwashi a bayan hayaƙi, har mutum ya ji zai iya kallonta. Kada a zuba mata ido, domin hasken da ke lahanta ido yana iya ratsowa ko da ba a ji zafi ba. A kalle ta a fuskar waya.

Kada a matsa kusa da wuta domin hoto. Wutar daji tana canza hanya da zarar iska ta juya, tana gudu sosai idan tana hawan tudu, kuma garwashinta na tashi ya kunna wata wutar a gaba da nisa. A gobarar da ta cinye garin Paradise na Kalifoniya ranar 8 ga Nuwambar 2018, mutum 85 ne suka mutu, kuma hanyoyin fita daga garin sun cushe da motoci. Idan hukuma ta ce a fita, sai a fita nan take. Masu ƙaramin jirgi maras matuƙi su ajiye shi, domin idan aka hango shi kusa da gobara, ana dakatar da jiragen da ke zuba ruwa har sai ya bar wurin.

A irin wannan lokaci waya hanyar tsira ce kafin ta zama kyamara. Lantarki kan ɗauke, turakun sadarwa kan ƙone. A cika caji, a cika bankin caji, a sauke taswirar yankin a Google Maps domin ta yi aiki ba tare da intanet ba, kada kuma a ƙarar da batir a kan bidiyo. Gajeren saƙo yakan shiga a lokacin da kira ya ƙi. Hotunan da suka fi amfani a ranar su ne na takardun gida da katin shaida da kayan da ke cikin ɗaki, a ajiye su a ma'ajiyar intanet.

Toka tana da kaushi. Idan ta sauka a gilashin kyamara, a fara hure ta kafin a goge da tattausan ƙyalle, in ba haka ba za ta yi zane. Zafi ma yana cutar da batir: kamfanin Apple ya ce an tsara iPhone ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35 na ma'aunin Salshiyas.

Hunturu da ƙonen daji

Wannan ilimi yana da amfani ga mai waya a arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris, iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. A daidai lokacin ne kuma ake ƙona daji da ragowar gona. Wanda ya buɗe taswirar FIRMS ta hukumar NASA, wadda ke nuna wuraren da tauraron ɗan'adam ya hango wuta cikin 'yan sa'o'i, zai ga yankin ciyawa na Afirka ta Yamma cike da jajayen ɗigo a Disamba da Janairu. Ba kowane ɗigo ba ne gobarar daji, wasu ƙonen gona ne, wasu a yankin Neja Delta wutar iskar gas ce.

Ƙura da hayaƙi ba sa yin launi iri ɗaya. Ƙwayoyin ƙura sun fi girma, suna warwatsa launuka kusan daidai da juna, shi ya sa hazon hunturu ke mayar da sama fari-fari ko ruwan ƙasa, rana ta zama kamar farin faranti. Hayaƙi ne ke ba da jar rana. Amma a duka biyun kyamara tana ƙoƙarin goge launin da ya rufe wurin, maganin kuma iri ɗaya ne: saitin rana a WB, rage EV, kashe HDR. Ƙurar ma tana da ƙananan ƙwayoyin da ke shiga huhu, don haka batun AQI da takunkumi ya shafe ta.

Gwajin da za a yi yau

Ba a koyon saituna a ranar da wuta ta tashi. A samu farar takarda a ajiye ta kusa da kyandir ko ƙwan lantarki mai rawaya, a kashe sauran fitilu. A ɗauki hoto uku: ɗaya a tsarin da waya ke zaɓa da kanta, ɗaya a 5500K, ɗaya a 3000K. A na farko takardar za ta kusa fari, a na biyu za ta yi rawaya sosai, a na uku rawayar za ta ragu ko ta ɓace. Sai a maimaita da faɗuwar rana, wannan karon tare da rage EV zuwa -1, a kwatanta hotunan da abin da ido ke gani. Wanda ya yi wannan sau biyu ko uku zai san inda maɓallan suke a wayarsa, kuma duk ranar da sama ta canza launi zai ɗauki hotonsa cikin 'yan daƙiƙu ya koma ciki ya rufe taga.